Yadda ake duba tsohon baka aikin hannu, a dawo da shi fagen harbi ba tare da an karya shi ba

Bakan da ya jawo ni cikin wannan harka ya girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da ya zo hannuna, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani ɗan rubutu da farar tawada a gefen mariƙinsa. Banish ɗin da ke kai, wato man sheƙin da ake shafa wa katako, ya koma ruwan ɗorawa saboda daɗewa, amma haruffan suna nan raɗau: ƙarfin bakan, tsawonsa, lambarsa, sai sunan mutumin da aka sassaƙa wa shi. Fatar da aka naɗe mariƙin da ita ta yi baƙi ƙirin a daidai inda tafin hannun mutumin yake zama. Da na ɗora nawa hannun sai na ga tabon ya zarce yatsuna, ashe hannunsa ya fi nawa faɗi. Wato masassaƙin ya auna wannan hannu, ya auna iya inda mai shi ke jan tsirkiya, sannan ya zauna ya fere itace don mutum ɗaya tak. Abin da masu son tsofaffin bakkuna ke bi ke nan. Shi ya sa za ka ga mutum da sabon baka mai gudun tsiya a rataye, amma in zai fita harbi tsohon yake ɗauka.

Sai dai irin wannan baka ana iya kashe shi cikin minti guda. A abin da na gani, ɗokin sabon mai shi ya fi tsufa karya baka: ya ɗaura masa tsirkiyar da ya tarar a kusa, ya ja har kunne tun ranar farko, sai ji kake ƙaras. Ga yadda nake bi da kowane tsohon baka, daga kallon farko zuwa kibiyar farko.

Fara da sanin irin bakan da ke hannunka

Gida uku ne, kuma kowane da yadda ake lallaɓa shi. Akwai bakan itace zalla, wanda aka fere daga sanda ɗaya. A Ingila wani itace da ake kira yu ne sarki, ana barin farin ɓangarensa na waje a bayan baka saboda yana jure miƙewa, jan ɓangaren na tsakiya kuma a cikin baka saboda yana jure matsewa. Jirgin ruwan yaƙin nan Mary Rose da ya nitse a 1545, aka ɗago shi a 1982, an samu irin waɗannan dogayen bakkuna fiye da 130 a cikinsa. A Amurka kuwa itacen osej aka fi so, wanda yake fitowa rawaya shar in sabo ne, shekaru su mai da shi ruwan ƙasa mai duhu. Akwai kuma bakan ƙaho da jijiya na Turkawa da mutanen Koriya da sauran ƙasashen Asiya, wanda aka haɗa da gam na dabba. Wannan in tsoho ne kada ka taɓa shi da niyyar ɗaura tsirkiya, aikin gwani ne da ya san yadda ake ɗumama shi a lanƙwasa.

Gida na uku shi ne wanda zai fi faɗowa hannunka, kuma a kansa zan fi tsayawa: baka mai falle-falle, siraran katako a tsakiya, an manna zaren gilashi, wato faiba, a baya da ciki. Wasu dogaye ne miƙaƙƙu, wasu kuma bakin rassansu, wato hannuwan bakan biyu na sama da na ƙasa, ya lanƙwashe gaba. Kasuwarsu ta ci sosai a Amurka a shekarun 1950 da 1960. Cikin manyan masu yin su a lokacin, Fred Bear yana Grayling a jihar Michigan, Ben Pearson yana Pine Bluff a Arkansas, Damon Howatt yana Yakima a jihar Washington, Bob Lee yana yin bakkunan Wing a Texas, 'yan'uwan nan na gidan Wilson suka fara Black Widow a Missouri a 1957, ga kuma dogayen bakkunan gora masu ɗauke da sunan Howard Hill. Bayan waɗannan akwai ƙananan masassaƙa barkatai da ba su wuce yin baka kaɗan a shekara, kowane sai an yi oda. A 1969 aka ba Holless Wilbur Allen takardar mallakar fasahar baka mai ƙananan tayoyi, cikin 'yan shekaru jama'a suka koma can, tsofaffin aka tura su bayan ƙofa da saman silin. Waɗanda muke tsinta yau yawanci daga can suke fitowa. Masu sabon yayi suna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma ba ƙarya suka yi ba ta fuskar sauri. Mu kuwa da tsohuwar zuma muke magani.

Karanta rubutun kafin komai

Juya mariƙin ko reshen ƙasa ka nemi alƙaluma. In ka ga 45 da alama mai kama da ɗan tsani a gefenta, sannan 28, ma'anarsa ƙarfin bakan fam 45 ne idan an ja shi inci 28, wato kusan santimita 71. Fam ɗaya na awo giram 454 ne. Wani adadin kamar 58 ko 60 ko 66 shi ne tsawon bakan da inci. In ka ga haruffan AMO kusa da shi, to an auna tsawon ne bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka amince da ita a ƙarshen shekarun 1960, kuma wannan kaɗai ya fara ba ka hasken zamaninsa. Wasu kamfanonin suna ƙara harafin X: in yana bayan adadin, a ƙara fam ɗaya ga kowane X, in yana gabansa a rage.

Lura da abu ɗaya a nan. Ƙarfin da aka rubuta na inci 28 ne kawai. Duk incin da ka ƙara, bakan zai ƙara nauyin fam biyu zuwa uku. In hannunka dogo ne, kana jan inci 30, kuma bakan gajere ne irin Kodiak Magnum na kamfanin Fred Bear mai inci 52, ko an rubuta cewa an yi shi ne don mai jan inci 26, to ba naka ba ne, ko da ya burge ka. Ka bar wa mai gajeren hannu. Duba kuma gefen da aka yanke mazaunin kibiya, ka tabbata na badame ne ko na bahago.

Bakkunan Bear suna da wani tarko da ke kama sabon shiga. A jikin da yawansu za ka ga an buga sunan Kanada da 1953, sai mai sayarwa ya rantse maka a shekarar aka yi shi. Shekarar rajistar fasahar ce, kuma an ci gaba da buga ta a kan bakkuna har zuwa 1972. Abin da ya fi taimako shi ne lambar jikinsa: daga 1965 zuwa 1969 adadin farko yana nuna shekarar, daga 1970 kuma lambobin suka koma farawa da harafin K. Ɗan tambarin ƙarfe mai kama da kwabo da ke mariƙin an fara sa shi a 1959. Kamfanin ya bar Grayling ya koma Gainesville a jihar Florida a 1978, don haka sunan garin ma shaida ne. Bakan ƙaramin masassaƙi ba shi da irin wannan tsari, rubutun hannunsa ne kawai hujjarka, shi ya sa nake kaffa-kaffa da shi fiye da komai a jikin bakan.

Tambayi inda ya kwana

Kafin ka biya ko ka karɓa, yi wa mai shi tambaya uku: a ina aka ajiye shi, yaushe rabon da a harba shi, kuma da tsirkiya a ɗaure aka bar shi ko a kwance. Zafi shi ne babban makashin baka mai falle-falle, domin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe sassan. Bakan da ya shekara ƙarƙashin rufin kwano ko aka saba barinsa cikin mota a rana abin tuhuma ne ko da fuskarsa tana sheƙi. Wanda aka jingine a lungu yana tsaye a kan bakin reshensa na ƙasa, sau da yawa za ka tarar reshen ya murɗe. In ta intanet za ka saya, nemi hoton bakin rassan biyu daga kusa, da hoton gefen bakan inda layukan gam suke, da hoton rubutun. Mai sayarwar da ya ƙi turo waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Dubawa a kwance, wurin da ba a gaggawa

Nan ne aikin yake. Samu wuri mai haske, tocila, da ɗan curin auduga. Kada ka ɗaura tsirkiya tukuna.

Ɗauki audugar ka shafa ta a hankali daga bakin reshe zuwa mariƙi, baya da ciki da gefuna biyu. Duk inda wani silin faiba ya ɗago, ko da ido bai gan shi ba, zai kama audugar ya bar farin gashi a wurin. Yi wa wurin alama da ɗan tef. Daga nan ka kwantar da hasken tocila a kaikaice bisa reshen, domin tsaga ta fi bayyana in haske ya zo mata daga gefe.

Za ka ga layuka iri biyu, kuma bambance su shi ne rabin sanin tsohon baka. Akwai siraran layuka masu bin tsawon reshe, kamar an ja su da allura. Waɗannan sun zama ruwan dare a faibar wancan zamani, da yawansu a banish kawai suke, kuma bakkuna masu irinsu suna harbi shekara da shekaru. In farcenka bai kama su ba, audugar ma ta wuce sumul, ka sa musu ido kawai. Akwai kuma tsagar da ta gitta reshen daga gefe zuwa gefe. Wannan ta yanke zaren da ke ɗauke da ƙarfin bakan. In ta wuce banish ta shiga faibar, magana ta ƙare, bakan na bango ne.

Sai ka juya shi ta gefe ka bi layukan gam da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ka fi tsanantawa a wurin da katakon mariƙi yake sirancewa har ya ɓace cikin reshe, domin duk wahalar lanƙwasa a nan take taruwa. Layin ya kamata ya zama siriri, a rufe ruf. In ka ga ɗan baƙin rami, ko wani farin tabo kamar gajimare a ƙarƙashin faiba, gam ya fara saki. Riƙe mariƙin ka ɗan danna reshen da tafin hannu kana kasa kunne. Baka mai lafiya shiru yake yi. Ƙaramar ƙara kamar ta ƙyas ɗin ashana alama ce cewa wani abu yana motsi a ciki.

Bakin rassan su ne na gaba. Duba tsagin da tsirkiya ke zama, ko ya cinye, ko ya yi kaifi, ko ɗan katakon da aka manna don ƙarfafa wurin ya fara ɗayewa. Ramukan da wani ya huda a mariƙi don ɗaura kwari ko abin saiti suna rage wa baka daraja a wurin masu tarawa, amma in katakon mai kauri ne ba su hana harbi. Rami a reshe kuwa, ko ɗaya ne, ya gama da shi.

Wasu bakkunan Bear na tsakanin 1949 da 1951 an sa musu fallen alminiyom a ciki. Za ka gan shi yana ƙyalli ta gefe. Gam bai riƙe shi da kyau ba, kuma sun yi suna wajen fashewa. Abin ajiya ne mai tarihi, amma kada ka ja shi.

In bakan itace zalla ne, ƙara duba cikinsa ko akwai ƙananan layuka a kaikaice, inda itacen ya murƙushe saboda matsi, sannan ka duba bayansa ko wani sili ya tashi kusa da gaɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya yi shekara hamsin ko sittin yana bushewa ba a taɓa shi ba, ni dai ba na jansa, sai in wani masassaƙi ya riƙe shi ya ce babu laifi.

Wanke shi, amma ka ajiye samfefa

Tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu marar ƙarfi ya isa. Goge, ka tsane nan take, sannan ka shafa kakin goge katako ka murza har ya yi sheƙi. Fatar mariƙi in ta bushe a ba ta ɗan man fata kaɗan. Kada fetur ko sinadarin narkar da fenti ya kusanci rubutun, shafa ɗaya zai tafi da shi.

A kan sake banish masu wannan harka sun rabu biyu, kuma ni ina da ɓangare. Bakan da ba a cika samun irinsa ba, ko wanda ke ɗauke da sa hannun masassaƙinsa, a bar shi da tabonsa. Kowane ƙwarzane wani ne ya yi shi a wata rana, kuma in ka kankare ka mai da shi kamar sabo ka raba shi da abin da ya sa aka so shi. Amma bakan da aka yi dubbai irinsa, banish ɗinsa yana ɓarewa har danshi yana shiga katako, gyara shi ya fi barinsa ya lalace. Ko a nan a rufe rubutun da tef a kewaye shi, kuma kada samfefa ta ci faibar, domin duk abin da ka cire daga reshe ka rage ƙarfinsa ka kuma ɓata daidaiton da masassaƙin ya sha wahala a kai.

Tsirkiya

Tsohuwar tsirkiyar da ta zo da shi ka cire ta ka adana, kada ka harba da ita. Sabuwar kuma lallai ta zama ta zaren Dacron, wanda aka fi sani da B-50 ko B-55. Wannan zare yana ɗan miƙewa in an saki kibiya, sai ya shanye bugun. Tsirkiyoyin zamani irin Fast Flight da danginsa kusan ba sa miƙewa ko kaɗan, ga su sirara, don haka bugun gaba ɗaya a bakin reshe yake sauka. Sababbin bakkuna an ƙarfafa bakinsu don haka, tsofaffin ba a yi musu ba.

Na ga wannan a hannuna. Wani baka mai kyau da na samu a farkon shigata, na sa masa tsirkiyar zamani don ita ce a gida, na ce ai na ɗan lokaci ne. Ya yi sati biyu yana harbi lafiya. Wata safiya na saki kibiya sai na ji tsirkiyar ta zabge ni a hannu, da na duba, ta yanka tsagin reshen sama ta tsaga shi har kusan tsawon ɗan yatsa. Bakan ya fi shekara arba'in a duniya kafin ya zo wurina, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Wajen tsawo, abin da aka saba shi ne tsirkiya ta gaza tsawon bakan da kusan inci huɗu in mai lanƙwasasshen baki ne, inci uku in dogo ne miƙaƙƙe. Kaurinta sili 12 zuwa 16, gwargwadon ƙarfin bakan. Shafa mata kakin zuma ka murza da yatsu har ya shige.

Ɗaurin farko

Sayi igiyar ɗaurin baka, ko ka ɗinka: doguwar igiya ce mai 'yar jakar fata a kowane ƙarshe. Za ka sa babban zoben tsirkiya ya sauka kan reshen sama, ƙaramin ya zauna a tsaginsa na ƙasa, ka sa jakunkunan a bakin rassan, ka taka tsakiyar igiyar, ka ɗaga mariƙin sama da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya tura zoben har ya faɗa tsaginsa. Dabarar nan ta sa baka tsakanin ƙafafu a murɗa shi da cinya ita ce ta karkatar da rassan bakkuna ba adadi. Kada ka yi ta. Sa tabarau mai kare ido, ka kau da fuskarka daga saitin reshe, kuma kada yaro ya tsaya kusa.

Da ya ɗauru, ajiye shi a kwance ka ƙyale shi. Ni nakan ba shi awa biyu ko uku a ranar farko, in kwance, washegari in bar shi yini guda. Duk lokacin da na dawo sai na sake bin sa da auduga da tocila, musamman wuraren da na yi wa alama.

Yanzu auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙuryar mariƙi, inda hannu ke zama. Mai lanƙwasasshen baki yakan so inci bakwai da rabi zuwa takwas da rabi, dogon baka kuma shida zuwa bakwai. In tazarar ta yi kaɗan, kwance tsirkiyar ka murɗa ta sau biyar ko shida don ta gajarce. Sabuwar Dacron tana saki a kwanakin farko, sai ka riƙa sake awo. Sannan auna daga tsirkiya zuwa gindin reshen sama, ka auna na ƙasa. Yawanci na sama yakan fi da ɗan abin da bai wuce rubu'in inci ba. In bambancin ya kai inci guda, ko na ƙasan ne ya fi da yawa, wani reshe ya raunana. Jingina shi a bango ka ja da baya ka kalle shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: lanƙwasar ta tafi sumul, babu inda ta karye kamar gwiwa.

Saura murɗewa. Ɗora bakin reshe ɗaya a ƙasa kan tsumma, ka leƙa daga ɗayan bakin kamar mai duba miƙewar sanda. Tsirkiya ta raba kowane reshe biyu daidai. In ta karkata gefe, ko ka ɗan ja ka mayar a hankali ka ga ba ta koma cikin kwarminta ba, reshen ya murɗe. Ƙaramar murɗewa tana gyaruwa: kama reshen kusa da baki, murɗa shi zuwa ɗaya gefen har ya ɗan wuce tsakiya, riƙe na ɗan lokaci, saki, duba. Maimaita kullum na 'yan kwanaki. In ya yi taurin kai wasu suna ɗumama shi da ruwan ɗumi kafin su murɗa, amma zafin kada ya wuce wanda hannunka zai jure, in ba haka ba garin gyaran gira ka rasa ido.

Tashinsa daga barci

Kada ka ja shi har ƙarshe a rana ɗaya. Ranar farko ja shi inci goma sha biyar ko makamancin haka, sau ashirin, kana mayarwa a hankali ba tare da ka saki ba. Washegari ƙara inci uku ko huɗu. Haka za ka yi ta ƙarawa har ka kai iya jan ka cikin mako guda. Kunnenka ya kasance a buɗe. In ka ji ƙyas, tsaya nan take, kwance tsirkiya, nemo inda ta fito. Ɗan silin da ya ɗago a gefen reshe ana iya ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa a danne, amma layin gam da ya buɗe sai masassaƙi.

In kana da sikelin rataye, auna ƙarfinsa a inci 28. Baka mai faiba da aka adana da kyau yakan tsaya kusa da abin da aka rubuta, ko bayan shekara hamsin. In ya faɗi da fam biyar ko fiye, ko dai wani ya taɓa kankare shi ko kuma akwai ciwo a ɓoye.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: sakin tsirkiya babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma cikin rassan. Duk wanda za ka miƙa wa bakan ya gani, faɗa masa wannan kafin ya karɓa, domin hannun mutum da kansa yake kai wa tsirkiya.

Kibiyar farko

Tsohon baka kibiya mai nauyi yake so. Maharba suna auna kibiya da giren, giren ɗaya kuwa kusan giram 0.065 ne, kuma abin da aka saba shi ne giren takwas zuwa goma ga kowane fam na ƙarfin baka. Ga tsoho ni goma nake bi: baka mai fam 45 ya samu kibiya mai giren 450, kusan giram 29. Kibiya marar nauyi ba ta kwashe ƙarfin duka, saura kaɗan ta zama kamar an saki babu komai. Ta kasance mai gashin tsuntsu na gaske, domin shi ne ke kwantawa in ya goga mazaunin kibiya, na roba tsalle yake sa ta. In shimfiɗar mazaunin ta cinye, manna sabuwar fata mai laushi. Ɗaura alamar ɗana kibiya a tsirkiya kamar rabin inci sama da saitin mazaunin, daga baya ka gyara ta gwargwadon tashin kibiyar.

Tsaya kusa da abin bara, taku goma ya isa. Harba shida, tsaya, duba rassan. Harba wasu shida. Ranar farko kada ka wuce talatin. Abin da kake saurare shi ne muryarsa. Baka mai lafiya da aka daidaita yana yin wani gajeren sauti mai taushi, dum, ya yi shiru. In yana kaɗawa kamar tsirkiyar garaya ko yana girgiza maka hannu, ƙara tazarar tsirkiya da murɗi uku ka sake gwadawa, har ka samu inda ya fi natsuwa. Ɗan curin ulu a tsirkiya sama da ƙasa yana kashe sauran ƙarar. Ranar da ka dace da wannan wuri, ka ga kibiya ta miƙe ba ta kaɗa wutsiya, za ka gane dalilin da ya sa mai shi na farko ya riƙe shi har fatar ta yi baƙi.

Ajiya da tura shi wani wuri

Bayan harbi kwance tsirkiyar. Wasu suna barin baka mai faiba a ɗaure wata da watanni, amma tsoho ni ba na yi masa haka, na itace zalla kuwa dole ne a sauke shi da an gama. Kwantar da shi a kan turaku biyu a bango, su tallafe shi kusa da mariƙi, a ɗakin da ba zafi ba danshi, inda rana ba ta dukansa. In zai yi tafiya, sa shi cikin doguwar jakar yadi.

In za ka aika shi nesa, naɗe bakin rassan da kyau ka sa shi cikin bututun roba mai kauri ko kwali mai ƙarfi. In zai tsallaka iyakar ƙasa, bincika irin katakon mariƙinsa tukuna. Yawancin kyawawan bakkunan wancan zamani an yi su da katako masu tsada, kuma wasunsu yanzu suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa: rozwud na Brazil ya shiga jerin da ya fi tsanani tun 1992, bubinga da sauran dangin rozwud kuma aka sa su a jeri na biyu a 2017. Tambayi hukumar da abin ya shafa a ƙasar da zai fita da wadda zai shiga kafin ka rufe kwalin.

Kowane baka nawa yana da 'yar takardarsa. A ciki nakan rubuta abin da ke jikinsa harafi da harafi, wurin wanda na same shi da abin da ya faɗa mini game da shi, tsawon tsirkiya da yawan silinta, tazarar da ya fi yin shiru a kai, nauyin kibiyar da ya fi so, da wuraren da na yi wa alama ranar dubawar farko. Nakan ninke ta in sa a aljihun jakarsa tare da tsohuwar tsirkiyar. A jikin bakan kuwa ba na ƙara ko ɗigon tawada.